Littafin da Ƙafa Ba Ta Taka Ba

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da suka iya karatu, na gaji da jin labarin littafin kakanku a bakin mutanen da ba su nan lokacin da aka buga shi. Duk sallah sai an ciro shi daga akwati an kaɗe shi, wani ya ce wannan shi ne littafin da ƙafa ba ta taka ba, sauran su yi kabbara, sannan a juyo a dube ni kamar wani waliyyi. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, ku ɗauka tawali'u ne. Ba tawali'u ba ne. Yanzu da gwiwoyina suka ƙi ni, ido ma ya fara yi mini rowa, gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri, mai shekaruna ba shi da sauran lokacin yi wa magana kwalliya.

Injin nan da kuka tashi kuka gani a ɗakin baya na gidanmu na Ƙonni, wanda yau kaji suke fakewa a ƙarƙashinsa, a Sakkwato na samo shi, hannun maigidana da na yi wa aiki shekara bakwai. Da ya sayi mai lantarki sai ya ga wannan ya tare masa wuri. Injin ya girmi ubana. Gunduwa-gunduwa aka kwance shi aka loda a motar goro, ƙarti shida suka sauke shi suna zagina. Bari in gaya muku yadda yake aiki, don na san yawancinku ba ku gan shi da rai ba. Haruffan na dalma ne, kowane harafi da gidansa a cikin akwati. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinto su a jera har shafi ya cika, a ɗaure shi tam, a kafa a cikin inji. A ƙasa akwai mataki irin na keken ɗinki, sai dai wannan ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Wata sandar ƙarfe ce ta haɗa matakin da babban wili da ke gefe. In ka taka, wili ya juya, robobi su shafo tawada su goga wa haruffa, bakin inji ya buɗe ya rufe. Yana buɗewa ka zare takardar da ta bugu da hagu, ka saka sabuwa da dama kafin ya sake rufewa. Ƙafa tana aiki, hannu biyu suna aiki, mutum ɗaya ya isa. In ka yi gyangyaɗi kuwa, yatsunka ne a ciki. Da shi na ci da ku: katin biki, rasit na 'yan tasha, takardun lakwal, wato makarantar boko, har da takardar da ake liƙa wa buhun albasa. Amma littafi na gaske mai bango ban taɓa bugawa ba, kuma abin yana raina.

Kakanku Malam yana ƙauyenmu na bayan Tsarnawa. Tun ranar da aka zo aka rubuta sunana aka kai ni lakwal, na bar allo na kama boko, bai ƙara dubana yadda yake duban sauran 'ya'yansa ba. Ba ya zagina, ba ya kuma yabona. In na je gaisuwa zai tambayi lafiyar iyali, ya tambayi ko an yi ruwa a Ƙonni, shi ke nan ya koma kan takardunsa. Ya fi shekara arba'in yana tsara waƙoƙin wa'azi da ajami yana ajiyewa a gafaka, makafi da mata masu niƙa suna rera su har ƙasar Illela. Sai ga shi wata rana da bazara, a shekarar da aka haifi ɗana Sa'adu, ya sauko daga motar siminti a bakin kwalta da gafakarsa a rataye, shi da bai taɓa tako gidana ba. Ko ruwa bai gama sha ba ya fara magana.

"Idrisu, yaran yanzu ba su karanta ajami. Ɗiyan ɗalibaina duk boko sunka sani. In na mutu, gara ta cinye waƙoƙin ga. An ce kana da ƙarhen da ka rubutu. Nuna mani shi."

Na haura shekara talatin a lokacin, ga mata ga 'ya'ya uku, amma wallahi murna na yi kamar yaron da aka ce za a ɗinka wa riga. Na kai shi ɗakin inji. Akwai katin wani biki a kafe, sai na hau mataki na shiga nuna gwaninta, takarda tana shiga tana fita kamar ruwa. Ashe shi ba takardar yake kallo ba. Ƙasa yake kallo.

"Tsaya," ya ce. "Da mi kaka tura shi?"

"Da ƙahwa, Baba."

"To babu baitina guda da babu sunan Allah ciki. Da ƙahwa za ka buga sunan Allah?"

"Baba, ai ƙahwa ba ta taɓa takarda. Ƙarhe taka takawa. Masaƙi ma da ƙahwa shika saƙa, kuma da saƙatai aka yin likkahwani. Tela da ƙahwa shika ɗinka rigad da liman ka sawa."

"Riga ba ta da sunan Allah ciki. Kai tun kana yaro bakinka ya hi hankalinka sauri."

Ya miƙa hannu ya ɗauki gafakarsa ya fara ratayawa. Na ga abin da na jira shekara da shekaru zai fita ta ƙofar da ya shigo. Innarku Hajara tana durƙushe a bakin ƙofa da ƙwaryar furar da ta kawo, Sa'adu yana bayanta. Ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, sai na ji ta yi magana a hankali.

"Baba, in an kwance matakin, ai wilin ga da hannu ma shina juyawa. Na ga maigida shina tada shi da hannu."

"Wa za shi juya?"

"Ni, Baba."

A nan ya kamata in ce a'a. Na san nauyin wilin nan, ita ba ta sani ba. Amma na dubi fuskar Malam na ga ta saki, sai na yi shiru. Ya sa na ɗauko sifana na kwance sandar ƙarfen da ke haɗa mataki da wili, ya karɓa, ya naɗe ta a cikin buzunsa na salla. Ya ce duk wanda zai juya wilin ya kasance da alwala. Ya ce in yi masa alkawari ƙafa ba za ta taɓa aikin ba daga shafin farko har na ƙarshe, na yi. Da la'asar na raka shi bakin hanya. Ya bar mini gafaka, ya tafi da sandar ƙarfen.

Littafin shafi tamanin ne da na juya shi zuwa boko, kuma Malam ya ce ɗari biyar yake so, a raba sadaka. Haruffan da nake da su ba su wuce na shafi biyu ba. Sai na jera shafi biyu, mu buga ɗari biyar, in wanke haruffan da kananzir, in mayar da kowanne gidansa, sannan in jera na gaba. Kowace takarda ɗaya sai an juya wili sau huɗu. Ku da kuka yi lakwal ku lissafa da kanku, ni na gaji. Abin da ƙafata take gamawa kafin hantsi, yanzu sai ya ci mana yini guda. Ga zafin bazara yana narkar da robobin tawada, dole muka riƙa ajiye su gindin randa muna rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Muna farawa bayan asuba, in rana ta take mu tsaya ta ɗora tukunya, bayan la'asar mu koma har magariba. Tana tsaye a gefen wili, ta kama shi da hannu biyu, ta ja ta tura, ta ja ta tura. Don kada mu saɓa, sai ta riƙa rera baitin da muke bugawa, ni kuma ina saka takarda a kan muryarta. Ba ta iya karatu ba, amma kafin mu gama shafi ta haddace shi. Makonnin farko har dariya muke yi. Takan ce ta auri mai inji don ta huta da daka, ga shi an mayar da ita jakin niƙa.

Za ku ce me ya hana in ɗauki ɗan ƙodago. Na gwada. Damina ta faɗi, duk mai ƙarfi ya tafi gona. Na samo wani ɗan dako a tasha, ya yi kwana biyu, a na uku ya ce gara ya ɗauki buhun siminti, ko banza buhu ana sauke shi. Za ku kuma ce me ya hana ni in juya wili, ita ta saka takarda. To ga inda laifina yake, kuma ba wanda ya taɓa gaya muku shi. Ita da kanta ta kawo shawarar. Muka gwada wata safiya, takardu kamar ashirin suka fito a karkace, ɗaya ma ta kusa barin yatsa a ciki. Maimakon in zauna in koya mata, kamar yadda ni ma aka yi haƙuri da ni a Sakkwato wata da watanni, sai na yi mata tsawa, na ce littafin ubana ba zai fita a karkace ba. Ta tsame hannunta, ta koma gefen wili. Mako biyu da na ba ta da ta iya. Ban ba ta ba, don ina son in ce kowace takarda hannuna ne ya saka ta.

Duk Juma'a biyu nakan ɗauki abin da muka buga in kai ƙauye. Malam ya karɓa, ya nisanta takardar da idonsa, ya shinshina tawadar, sannan ya ce in karanta. Ba ya karanta boko, amma ko wasali na ci sai ya kama ni. Ranar da na gama karanta masa waƙar mutuwa, sai ya ce, "Ya yi." Kalma biyu. Da su na dawo Ƙonni kamar wanda aka ba doki. Ban gaya masa cewa surukarsa ta fara kwana da ciwon kafaɗa ba. Ita ce ta hana, ni kuma hanin ya yi mini daɗi.

Kafaɗar dama ce ta fara. Ta koma juyawa da hagu, hagu ta gaji ta dawo dama. Aka shafa man shanu, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Waƙar da take rerawa ta ragu, daga baya ta daina, sai numfashinta kawai nake ji. Ni ma na gaji. Idona ya gaji da tsintar haruffa, bayana ya gaji, masu katin biki sun gaji da jira sun koma wani wuri. Gidan ya yi shiru. Wata safiya a ƙarshen damina, muna shafi na hamsin da huɗu, na ji ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba, ko ranar haihuwa. Wili ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, ita kuwa tana zaune a ƙasa, hannun dama ya sauka kamar ba nata ba. Mai ɗori ya duba ya ce ƙashi bai karye ba, wani abu ne ya yage a ciki. A gidan likita aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta huta, da ma tun wata biyu da suka wuce ta huta. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga taɓarya ba. Ko goyon Sa'adu sai maƙwabciya ta shigo ta ɗaura mata.

Na gwada ni kaɗai. In juya wili, in saki, in ruga in saka takarda, wili ya mutu, in koma in tayar. Shafi biyu suka ci mini kwana huɗu, rabinsu ma tawada ba ta kama ba. Ina cikin wannan sai ga Gwaggonku Hassi, yayata da ke jinyar Malam, ta zo da mayafinta duk ƙurar hanya. Ta duba Innarku, ta yi mata sannu, sannan ta ja ni zaure.

"Idi, Baba ya kwanta. Ƙahwahunai sun kumbura, ba shi cin komi sai kunu, idon ma ya tahi. Kullum da sahe tambayatai guda ta: Idrisu ya gama? In kana da abin yi ka yi shi, don ni ban ga shina kai ɗibar wake ba."

Saura shafi ashirin da huɗu. Yadda nake tafiya, sai na kai azumi ban gama ba. Na je wurin wani babban malami a nan Ƙonni, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya motsa, ya ce shi bai ga inda aka hana buga littafi da mataki ba, ƙafa ba ta taɓa rubutu. Amma ya ce alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗaura maka shi ne mai sauke maka. In je in roƙi mahaifina ya yafe mini. Na ga gaskiyarsa. Washegari na kama hanyar ƙauye, ina ta tsara maganar da zan yi.

Na same shi a kwance, ya ragu har ya zama kamar yaro. Sandar ƙarfen tana wajen kansa a cikin buzu. Gwaggonku ta ce duk wanda ya zo dubiya sai ya sa an buɗe an nuna masa, ya ba shi labarin ɗansa ɗan boko da ya kwance ƙafar injinsa don girman sunan Allah. Na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki ke nan zan fara, sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro wata 'yar takarda. Rubutun ya hau kan juna, don da ƙyar yake gani lokacin da ya yi shi.

"Ga na ƙarshe," ya ce. "Shi za ka rufe littahin da shi. Karanta in ji."

Na karanta. Kun san baitin, kun fi ni iya rera shi:

Littahin ga hannu yab buga shi,
Babu ƙahwad da tat taka shi,
Idrisu ɗana yar riƙe shi,
Shi na shaidana ran tsayuwa.

Ɗana. A rubuce, da hannunsa. Duk maganar da na tsara a hanya ta watse. Ta yaya zan dubi mutumin da ke bakin kabari yana murmushi in ce masa ya mayar da baitinsa? Ya tambaye ni saura nawa, na ce kaɗan ya rage. Ya tambayi lafiyar Hajara, na ce lafiya lau.

Na fito bakin kwalta a Tsarnawa da rana tsaka. Yamma Ƙonni, gabas Malbaza. Motar Ƙonni ta zo ta tsaya, yaron mota yana ta kira, na ce ya wuce. Na daɗe a tsaye. Ba zan ce muku Shaiɗan ne ya ruɗe ni ba, da hankalina na tsallaka titi na tari motar siminti da ta sauke kaya tana komawa. A Malbaza ina da aboki, Garba mai walda, da ke gyaran manyan motoci. Can na nufa don a Ƙonni kowane maƙeri ya san labarin sandar. Na zana masa tsawonta da ramukanta a ƙasa, na san ta kamar yadda na san yatsuna. Ya yanko ƙarfe daga wata matacciyar mota, kafin la'asar ya gama. Ya tambaye ni ina ta asalin, na ce ta karye. Ƙarya ta farko ke nan a bakina game da sandar, kuma ban ji ta yi mini wuya ba. Na naɗe ta a cikin takardar buhun siminti na kawo gida.

Innarku ta ga abin da na kwance a ɗakin inji. Ta dube shi, ta dube ni. Na jira ta yi magana, ko ta hana ni, ko ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ba ta ce ko ɗaya ba. Da safe, da na ɗaura sandar, sai ta ɗauko rediyo da hannun hagu, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ta ƙure murya. Maƙwabcinmu tela ne, ya san bambancin ƙarar mataki da ta hannu, ita ta tuna da wannan, ni ban tuna ba. Kwana goma sha ɗaya tana zaune a nan da rediyo, duk mai shigowa ta tare shi da hira a tsakar gida.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ƙafata ta ji daɗi. Wata biyar tana zaune, da ta hau mataki sai ta kama aiki kamar jiya ta bari. Shafukan suka riƙa fitowa tas, tawada daidai ko'ina, sun fi na hannu kyau. Ku buɗe littafin ku gwada shafi na talatin da na sittin, ko makaho ya shafa zai ji. Ina takawa ina istigfari, ina istigfari ina takawa. Da na zo shafin ƙarshe mai baitin nan, sai na kwance sandar na buga shi da hannu, ni kaɗai, kwana biyu cur. Na tsinci haruffan "babu ƙahwad da tat taka shi" ɗaya bayan ɗaya na jera, na buga su sau ɗari biyar. A lokacin gani nake kamar hakan zai rage wani abu. Bai rage komai ba, wanke hannu ne bayan an ci mushe.

Wani baduku ya taya ni ɗinki da bango. Da goma na farko suka bushe, muka ɗauka ni da Innarku muka tafi ƙauye. Mun isa da hantsi, gero yana tsaye a gona ba a fara yanka ba. Ɗakin Malam cike yake da tsofaffin ɗalibansa da dattawan gari. Aka tayar da shi aka jingina shi da jikin Gwaggonku. Na sa masa littafi a hannu. Ba ya gani sam a lokacin. Ya shafa bango, ya auna kaurinsa da yatsa, ya kai hanci ya shinshina, ya buɗe yana shafa shafi bayan shafi har ƙarshe. Ina jiran yatsunsa su tsaya a wani wuri. Ba su tsaya ba.

"Karanta na ƙarshe," ya ce.

Na karanta. Dattawa suka yi kabbara. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Idrisu, ka shaida?"

Na waiwaya bakin ƙofa inda Innarku take durƙushe. Ƙasa take kallo, ta tallafe hannun dama da na hagu a cikin mayafi.

"Na shaida, Baba."

Ya laluba ya kamo hannuwana biyu, ya haɗa su, ya yi addu'a ya tofa. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka. Ashe bokon ga bai ɓata ka ba." Maganar da na yi fiye da shekara ashirin ina jira ke nan, kuma da ta zo ban ji komai ba sai nauyi, kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Ya sa aka kira Innarku ta matso, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce Allah ya ba hannunta ladan kowane harafi. Ta ce amin. Sannan ya sa aka warware buzu aka miƙo mini sandata, ya ce in je in ci gaba da neman abincin iyalina. Bayan kwana biyar ya cika, littafin yana kan ƙirjinsa. Gwaggonku ta ce ba ta taɓa ganin mai mutuwa da kwanciyar rai irin tasa ba.

Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma na gaji da auna abin. Wani lokaci in ce da ban taka ba, da ya mutu bai riƙe littafinsa ba. Wani lokaci in ce ya mutu da shaidar zur a ƙirji, kuma ni ya kira shaida ranar da ba a ɓoye komai. Ku dai ga gaskiyar: daga shafi na ɗaya zuwa na hamsin da huɗu kafaɗar uwarku ce, shafuka biyun da suka biyo baya da na ƙarshe hannuna ne, sauran duka ƙafata ce. In za ku yi kabbara, ku yi wa uwarku addu'a, Allah ya jiƙanta. Shekara ashirin da wani abu ta yi bayan nan ba ta iya ɗaga hannu ta kai kanta, ku kuna ɗauka sanyin ƙashi ne, ita kuma ta bar ku a haka.

Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar. Bayan sadakar bakwai ne, mun fito bakin kwalta a Tsarnawa muna jiran mota. Ina riƙe da sandar ƙarfe, Sa'adu yana bayanta, ga ƙunshin kayanmu a ƙasa. Da motar ta taho ta sunkuya za ta ɗora ƙunshin a kai kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Ta ɗago shi ya kai ƙugu, hannun ya ƙi. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Na ajiye sandar na karɓa. Ta tsaya tana gyara mayafi da hagu, ba fushi a fuskarta, sai gajiya kawai.

"Maigida," ta ce, "in da ka san ƙarya za ka yi, ai da ka yi ta tun ina da kahwaɗa."

Muka shiga mota. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.